Surukina, Mai Tukunyar Bakin Filin Ƙwallo

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, sai dai surukina ya riga mu kama hanya.

Ranar sadakar uku, rumfar ƙofar gidansa a Bodinga ta cika har tabarmi suka kasa, aka aro na masallaci. Ƙanensa, wanda duk muke kira Baffa, shi ke karɓar gaisuwa. Duk wanda ya durƙusa ya ce yaya haƙuri, sai Baffa ya ce marigayi manomi ne, direba ne, mutumin sahun farko ne. Duka gaskiya ne. Amma ina zaune a gefe ina jin kamar ana kwatanta wani mutum dabam, irin wanda za ka wuce a kasuwa ba ka waiwaya ba.

Wajen hantsi wata doguwar mota mai lambar wata jiha ta tsaya a bakin hanya. Mutane suka firfito, yawancinsu magidanta, wasu da furfura, kowanne da shuɗiyar hula. Suka cire takalma, suka zauna, aka yi addu'a. Da aka shafa, babbansu ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da babba ba ya yi a gaban mutane. Da ƙyar ya ce, "Shekara da shekaru muna cin abincin bawan Allahn nan. Muna zaginsa yana zaginmu, kuma bai taɓa barinmu mun shiga fili da yunwa ba."

Baffa ya sunkuyar da kai kamar an tona asirin gida. Wani dattijo da ke kusa da ni ya karkato ya ce da na gefensa, da muryar da ya so a ji, "Allah dai shi gahurta mai. Mutum da hurhuratai, ya ƙare kwanakinai wajen kallon yara suna guje-guje bayan hwata."

Wurin makoki ne, ni kuma suruki ne, bakina a ɗaure yake. Amma magana ba ta kwana a waje. Kafin azahar maganar ta shiga cikin gida ta sami Inna, uwar matata, a kan tabarmar takaba. Sai ga matata ta leƙo zaure ta yafito ni, idonta jawur, ta ce, "Inna ta ce a hwaɗa ma wanda yac ce haka, mijinta bai ɓoye abin da yaka so ba yana da rai, ba a ɓoye mai shi yana kabari."

Ban iya kai saƙon nan cikin rumfa ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Surukina, wanda muke kira Baba, ya so ƙwallo, so na ƙin ƙarawa, kuma ba zan nema masa uzuri ba.

Ni malamin firamare ne a Shagari. Amma karatuna a wani birni na gabas na yi shi, a can kuma na kamu da son ƙungiyarsu, masu shuɗiyar riga. Baba shi na ƙungiyar jiharmu ne, masu jar riga. Duk wanda ya san gasar ƙasar nan ya san ja da shuɗi ba sa shan inuwa ɗaya. Idan za su haɗu, tun ana saura mako ake fara musu a wurin mai shayi, aboki ya daina amsa sallamar aboki da sakin fuska.

Lokacin da na je gaishe shi a karon farko ina neman 'yarsa, na same shi ƙarƙashin motarsa a-kori-kura, wadda yake ɗaukar albasa da ita daga fadamun Danchadi zuwa birni. Na durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya amsa gaisuwa, ya tambayi iyayena da aikina. Sai ya ƙare mini kallo.

"An hwaɗa mani wani abu game da kai, Malam," ya ce.

Na shiga lalube a zuciyata, wane laifi na taɓa yi a duniya.

"An ce kai ɗan shuɗi ne."

Ƙarya ga suruki ba kyau, gaskiya kuma na ga tana shirin raba ni da mata. Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya girgiza kai kamar wanda aka gaya wa ciwon da ba shi da magani. "To. Kowa da jarabatai. Ɗiya na ba ka, don an ce kana da hali. Amma kohi ba ku ganinai, ko a mahwalki."

Daga ranar nan kunyar da ke tsakanin suruki da suruki ta samu ƙofa. A kan komai na duniya ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa. Amma da an ambaci ƙwallo sai ya ce, "Matso nan, Malam, in ji ƙaryar da kunka shirya wanga mako."

Ranar wasa a gidan Baba tun jajibere take farawa. Zai wanke motar tas, ciki da waje, har ya bi bayanta da toka don kashe warin albasa, ko da yake bai taɓa mutuwa duka ba. Inna kuwa da sassafe ta ɗora manyan tukwane. Wani lokaci dafa-duka, wani lokaci shinkafa da wake da mai da yaji, idan da zogale a yi dambu. Fura da nono a babbar kula. Kankana da rake idan lokacinsu ne. Ba kuɗin kowa a ciki, daga rumbunsa ne da fadamarsa. Idan Inna ta yi ƙorafin hayaƙi, sai ya ce, "Ke ma 'yar ƙungiya ce, ke ce mai tsaron baya." Ita kuma ta ce, "Mai tsaron murhu dai." Amma ban taɓa ganin ta bari wani ya sa wa tukunyar nan gishiri ba.

Ni nakan taso daga Shagari da hantsi, in tarar mutanen Danchadi da na Dandin Mahe sun riga ni, suna zaune a gindin bango da jajayen riguna a kan kaftani. A loda tukwane, a loda tabarmi da butoci, mutane su hau baya. Ni kaɗai ne shuɗi a cikin motar, don haka Baba ya ce wurina gaba, kusa da shi, "don kada su jehwa ka a kwalbati." Duk tsawon hanyar zuwa Sakkwato ana waƙa a baya ana buga jarka, shi kuma yana lissafa mini yadda za a ci mu, da wanda zai ci, da ƙafar da zai ci da ita.

Wurinsa ɗaya ne a wajen fili, ƙarƙashin wasu itatuwan dogon yaro, nesa kaɗan da ƙofar sayar da tikiti. Ya juya motar, ya sauke murfin baya ya zama tebur, a shimfiɗa tabarmi. Kafin a taɓa abinci sai an yi azahar, shi ke kiran salla da muryar nan tasa mai kama da tsohon inji. Daga nan a buɗe tukwane.

Dokarsa ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda ya zo ya ci. Ba a tambayar rigarka. Masu turin baro, masu sayar da tuta da usur, 'yan sandan da aka turo tsaro, da baƙin da suka kwana a hanya don su zo su ga an ci ƙungiyarsa, duk tire ɗaya. Idan motar shuɗaye ta iso, shi ke fara ɗaga ludayi yana kiransu. "Ku taho ku ci! Ba ni son in mun lallasa ku ku ce yunwa ce." Su kuma su zo suna ihu, su ce shinkafarsa ta fi 'yan wasansa iya aiki. A ci, a yi zagi irin na wasa, a sha fura, a yi la'asar da wuri, sannan kowa ya bi ƙofarsa. Yakan ce, "Gaba tana da ƙohwa. Can ciki take. Nan waje ɗiyan Adamu muke."

A ciki kuwa, wani mutum ne dabam. Yana da ƙaramar rediyo da yake mannawa a kunne, yana kallon wasan da idonsa yana kuma jin mai sharhi, don kawai ya ƙaryata shi. "Ƙarya kake! Ina nan, ina gani!" Bai taɓa yarda an ci jajaye da gaskiya ba. Ko alƙalin wasa ne, ko iska ce, ko ciyawa ba ta kwanta daidai ba. Idan aka ci musu, sai ya cire hula ya jefa sama, ya rungume duk wanda ke kusa, ko bai san shi ba. Hulunan da Baba ya ɓatar a filin nan sun isa buɗe shago.

Mun taɓa ɓatawa da shi, ɓatawa ta gaske. Wata shekara, a wasan ja da shuɗi, ana dab da tashi, babu wanda ya ci, sai ɗan bayansu ya kwashe ɗan gabanmu a cikin da'ira, alƙali ya busa fenariti. Aka buga, ta shiga. Da muka haɗu a gindin mota, yana cewa yaron faɗuwar ganganci ya yi, ni kuma dariya ta kufce mini, na ce, "Baba, ai har daga Shagari an ji ƙarar ƙafar nan." Mutane suka fashe da dariya. Ya rufe murfin mota, ya ce wa wani mutumin Danchadi ya shigo gaba. Ni na hau baya da tukwane.

Daga nan ya daina yi mini maganar ƙwallo. Zan je gaisuwa ya amsa da kyau, ya tambayi makaranta, ya tambayi damina, shi ke nan. Wannan ladabin ya fi mini zagi ciwo. Idan yana da saƙo sai ya bi ta wurin matata: "Ki hwaɗa ma mijinki an ci su jiya, ko bai jiya ba." Matata ta gaji, ta ce ita ba 'yar aike ba ce tsakanin manya biyu masu hankali. Haka muka tafi har ta haifi ɗanmu na fari. Ranar suna ya zo Shagari da rago da wata 'yar jar riga da ya sa tela ya ɗinka, wadda ko tafin hannu ba ta rufe ba. Ya sa wa jaririn da hannunsa, ya ɗago ya dube ni. "Wanga namu ne. Ka ci fenariti, na ci jika." Shi ke nan aka shirya. Amma har ya koma ga Allah bai yarda an taɓa ɗan wasan nan ba, ni ma har gobe ina nan a kan cewa fenariti ce.

Da ya dawo daga aikin hajji, Baffa ya tara wasu dattawa suka same shi a zaure. Ina wurin, don na zo yi masa barka. Suka ce yanzu girma ya kama shi, ya zama Alhaji, bai dace a riƙa ganinsa cikin yara yana jefa hula ba. Ya saurare su har suka gama. Sai ya ce, "Na taɓa barin salla don ƙwallo?" Suka ce a'a. "Na taɓa barin gidana ba hatsi?" Suka ce a'a. "Na ci haƙƙin wani?" Nan ma suka ce a'a. Ya ce, "To ku da kuka zama gindin bango tun hantsi har la'asar kuna cin naman mutane, wa yat tara maku dattawa? Ni abin da nika so a hili yake, da tikiti aka shiga." Baffa ya tashi ya fita ransa a ɓace. Asabar ɗin da ta biyo baya Baba ya wanke mota.

Amma abin da ya kawo mutanen nan masu shuɗiyar hula har Bodinga ba shinkafa kaɗai ba ce.

Akwai wata kaka da jajaye suka lalace, suna can ƙasan teburi. Wasan ƙarshe ya zo, kuma da mu ne. Idan suka yi nasara sun tsira, idan aka ci su sun faɗa rukuni na ƙasa. Tun a waje na ga ranar ba irin sauran ba ce. Fuskoki a murtuke, samari da yawa waɗanda ban saba gani ba. Da baƙi suka iso Baba ya kira su cin abinci kamar kullum, wani saurayi mai jar riga ya ce, "Alhaji, yau ma?" Ya ce, "Yau ma. Ba yau anka hwara yunwa ba."

Muka ci su ɗaya. Ana busa tashi sai jifa ta fara, robobin ruwa tukuna, sannan duwatsu. Aka fito da mu 'yan shuɗi ta ƙaramar ƙofa, muka ruga wurin doguwar motar baƙi, muka tarar an farfasa gilasanta an sace iskar tayu. Taro ya biyo mu. Can gefe an harba barkonon tsohuwa, ido na yaji, ba ka ganin na gabanka sosai. Muka maƙale tsakanin motar da katanga. Akwai wani dattijo a cikinmu, shi ne wanda ya yi kuka a rumfa, dutse ya same shi a kunne jini na bin wuyansa. Na tuna matata da yarana. Na cire rai.

Sai na ji hon. Na san hon ɗin nan ko cikin barci. A-kori-kurar Baba ce ta ratso taron a hankali, ba ta tsaya ba, ba ta kuma yi gudu ba, har ta gitta tsakaninmu da masu jifa. Ya fito da jar rigarsa, ba hula, ya hau bayan motar ya tura tukwanen Inna ƙasa da ƙafa don a sami wuri. Ya daka mana tsawa, "Ku hau!" Sannan ya juya ga taron.

"Ku dube ni da kyau! Wa yaf fi ni jin zahin wanga ci? Tun ba a haihe ku ba nike bin ƙungiyar ga! Waɗanga baƙina ne, sun ci abincina. Wanda duk ka son jinin su shi hwara da nawa!"

Wasu suka ja baya don sun san shi. Wasu ba su san shi ba. Dutse ya zo ya same shi a goshi, ya yi taga-taga, na riƙe shi. Ya fizge hannunsa ya ce, "Sake ni, Malam, ba ka iya tuƙin ta ba." Ya shiga, jini na rufe masa ido ɗaya, wani dutsen ya tsaga gilashin gaba, ya ja motar da mutane a kanta kamar buhunan albasa. Mutanen Danchadi da Dandin Mahe, da jajayen rigunansu, suka kama hannun juna suka yi wa sauran baƙin da ba su samu wuri ba katanga, har jami'an tsaro suka iso.

Bai tsaya ko'ina ba sai Bodinga. Muka isa ana kiran magariba. Inna ta ga jini, ta ga baƙi, ta ga babu tukwane, ba ta tambayi komai ba, ta aika maƙwabta aro ta sake hura wuta. Aka kira mai kemis ya ɗinke goshin Baba da kunnen dattijon. Suna zaune gefe da gefe ana ɗaure musu kai, sai Baba ya ce masa, "Kada ka ga na ɗauko ku ka zaci na yarda. Ƙwallon ga da kunka ci, satar gida ce." Dattijon ya yi dariya har ɗinkin ya so ya buɗe. A zaure da masallacin unguwa suka kwana, da safe ya nemo musu mota.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jifar ciwo. Aka fara cewa Alhaji ya sayar da ƙungiya, surukinsa ɗan shuɗi ya juya masa kai. Wasu suka ce dama abincin nan da yake ba baƙi shi ke karya mana sa'a. Da sabuwar kaka ta fara, jajaye suna rukuni na ƙasa, filin da ke cika ya koma fayau. Baba ya sayi sababbin tukwane, ya sa Inna ta dafa daidai yadda ta saba, ko cokali bai rage ba. Ya ajiye mota a wurinsa, ya sauke murfi, ya yi kiran salla. 'Yan tsirarun magoya bayan da suka zo suka wuce ta gabansa suna kawar da kai. Wani ya tofa yawu kusa da taya.

Na ce, "Baba, ko mu matsa wani wuri? Ko a rage dahuwar zuwa gaba?"

Ya ce, "In na matsa, na yarda na yi laihi. In na rage, na yarda ba su dawowa."

Ya zauna a bakin motar da tabon goshinsa a waje, ya ɗebi abinci ya ci a hankali, yana gaida duk wanda ya wuce da sunansa da sunan ubansa. Abin da ya saura ya raba wa masu baro da masu gadi. Wasa na gaba ma haka. Na gaba ma haka. Bai roƙi kowa ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Ƙungiyar da aka ce ya sayar, shi ke binta har garuruwan da filinsu ko katanga babu, lokacin da masu jifa suka koma gidajen kallo suna goyon bayan ƙungiyoyin Turai.

Yunwa da kunya suka yi aikinsu. Ɗaya ya dawo, biyu suka dawo. Wata rana sai ga wani saurayi ya tsaya nesa yana wasa da yatsu, ya kasa matsowa. Wani ya raɗa wa Baba cewa ana zargin shi ne ya yi jifar nan. Baba ya dube shi, ya cika kwano ya miƙa. "Zo ka ci. Hannunka na da saiti, da gola munka sa ka da ba mu hwaɗi ba." Yaron ya durƙusa yana hawaye. Baba bai sake ta da maganar ba. Da jajaye suka dawo babban rukuni bayan wasu shekaru, saurayin nan ne ya ɗauke shi a kafaɗa ya zaga da shi.

A 'yan shekarun nan ciwon suga ya ci ƙafafunsa, hawan jini ya haɗu. Tuƙi ya gagara, babban ɗansa ya karɓi sitiyari. Likita ya ce ya daina zuwa fili, zuciyarsa ba ta ɗaukar hayaniya. Baba ya ce wa likitan, "Zuciyar ga da hayaniya ta saba. Shiru ne ba ta sani ba." Baffa ya yi faɗa, 'ya'ya suka yi lallashi. Inna ce kaɗai ba ta sa baki ba. Ta ce ta san ranar da ya daina zuwa, ranar za a fara haƙa kabarinsa.

Wasansa na ƙarshe, ja da shuɗi ne. Muka ɗauke shi muka sa a gaban mota. A gindin dogon yaro aka ci aka sha kamar kullum, shi yana zaune a bayan motar da matashi, ƙafafunsa a kumbure, yana ba da umarnin wa za a ƙara wa nama. Da lokacin shiga ya yi, ya gwada tashi ya kasa. Matakalan filin sun fi ƙarfinsa. Samari suka ce za su ɗauke shi, ya ƙi. Ya ce a kafaɗa ana ɗaukar mai nasara ne, ba a ɗaukar mai ciwo. Ya kore su duka suka shiga. Ni na ce tikitina ya ɓace. Ya harare ni, ya san ƙarya ce, ya ƙyale.

Muka zauna mu biyu a waje, da tukwane da kwanukan da ba a wanke ba. Ya kunna rediyo, ya ji mai sharhi kaɗan, ya kashe. Ya ce yau ba ya iya ƙaryata shi tunda ba ya gani, don haka ba amfani. Muka koma sauraron filin kansa. Daga waje sai ka ji kamar wata babbar dabba ce ke numfashi a bayan katanga, ta yi gurnani, ta yi tsit, ta sake ɗauka.

Can sai ƙasa ta girgiza da ihu. Jajaye sun ci. Baba ya laluba kansa ya cire hula, ya jefa. Ba ta yi nisa ba, a kan murfin tukunya ta faɗo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa.

Bayan hutun rabin lokaci filin ya yi wani irin shiru, shirun da kowane ɗan kallo ya sani. Sai wata 'yar ƙaramar sowa ta tashi daga kusurwar baƙi. Mun farke.

Na ji murna ta taso mini tun daga ciki, na danne. Na dubi ƙafafunsa, na dubi yadda rigar ta yi masa yawa, na sunkuyar da kai na ce, "Allah Sarki, Baba. Da saura lokaci ai."

Fuskarsa ta canja. Ban taɓa ganin ya fusata da ni haka ba, ko ranar fenariti.

"Mi kac ce? Allah Sarki? Ni kaka ma Allah Sarki?" Ya buga sandarsa a jikin mota. "Ban mutu ba tukuna, Malam! Wanda anka daina yi ma dariya, an gama da shi. Tashi ka yi murnarka yadda ka saba, ko ka ba ni wuri!"

Na tashi. Ni, malamin makaranta, uban 'ya'ya, na tsaya a gaban surukina a bakin titi na ɗaga hannu na kurma ihu. Na ce golansu kwando ne. Na ce 'yan bayansu sun fi kyau da tallan rake. Na ce ko shekara ɗari za su yi ba su kamo mu ba. Ina faɗa hawaye na shiga bakina. Shi kuwa ya gyara zama, idonsa ya yi haske, yana rama mini ɗaya bayan ɗaya, yana nuna ni da sanda, har masu sayar da ruwa suka taru suna kallonmu suna dariya.

Kunnen doki aka tashi. A hanyar komawa Bodinga ya jingina da ƙofa, rana tana faɗuwa a kan gonaki, ya ce mini ba tare da ya buɗe ido ba, "Kun tsira yau. Mu haɗu zagaye na biyu."

Bai kai ba. Ya rasu da safiyar wata Laraba, a ɗakinsa, kansa a cinyar Inna, kalmar shahada a bakinsa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ya ciyar da wanda ya sani da wanda bai sani ba, ya ciyar da masoyi da abokin hamayya, ya tsaya da jikinsa tsakanin dutse da baƙo. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ciyar da shi daga abin da ya fi abin da ya ciyar. Ka ba Inna haƙuri, Ka ba mu. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, mu kuma tafi kamar yadda ya tafi, ba mu sunkuyar da kai ga kowa ba sai gare Ka.